In Takwararki Ta Kira Ki

Zuba, Abuja

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ki Kano lami lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum. Na san za ki yi dariya in kika buɗe jaka kika gan ta a ƙarƙashin ledar dambun nama, ki ce Mama da ko saƙon waya sai ta miƙo a rubuta mata, yau ita ce da wasiƙa. Yi dariyarki. Tun ranar da takardar ɗaukarki aiki ta fito nake son in faɗa miki da baki, amma duk lokacin da na zaunar da ke sai in ɓige da tambayarki ko kin sayi bokiti. Don haka ki karanta a cikin jirgin ƙasan Kaduna, bayan kun bar tashar Idu, inda ba za ki iya juyowa ki dube ni ba.

Tsoro nake ji, Ummi. Kowa na taya ni murna 'yata ta sami aikin banki, ni ma ina washe baki ina amsawa. Ba aikin nake tsoro ba, na san kanki yana ja. Garin da aka tura ki nake tsoro, domin a can Hajiya Binta take, takwararki, kuma na san za ta neme ki. Abin da za ta roƙe ki zai iya raba ki da aikin nan, ya kai ki inda aka taɓa kai ni. Ba ki san an taɓa kai ni wani wuri ba, yau za ki sani.

Kin san Hajiya a matsayin mai aiko miki da atamfar salla da takalmi. Ni abin da ta yi mini ya fi haka nesa ba kusa ba. Lokacin da muka baro Kontagora ni da babanki, shi ya sami aiki a wata masana'anta a Idu, ni kuma ina yawo da tire ina sayar da yankakkiyar kankana a bakin titin Kaduna, da cikinki tirtsi-tirtsi. Hajiya ce ta tsaya saye, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke wace irin mara tausayin kanta ce? Sauke tiren nan ki biyo ni." Ta kai ni wurin mijinta Alhaji Tanimu, wanda a lokacin motocinsa ne ke ɗauko lemu da mangwaro daga Binuwai su sauke a kasuwar Zuba. Shi ya sama mini rumfa, ya fara sauke mini kaya. Da na haife ki, mahaifiyata tana nesa kuma ba lafiya, Hajiya ce ta dafa mini ruwan wankan jego da hannunta har na yi arba'in. Shi ya sa kika ci sunanta, shi ya sa kuma ba na iya kiran sunan, muke ce miki Ummi.

A kasuwarmu, in babba ya ce miki riƙe mini, ba a cewa na mene ne. Tambayar kanta rashin kunya ce. Wata rana Alhaji ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Rakiya, za a turo wani saƙo ta asusunki, ki cire ki ba wanda zai zo." Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina duk matan layin nan ni ya zaɓa. Daga nan abin ya zama jiki, kuɗi su shigo daga sunan da ban taɓa ji ba, in cire in miƙa wa fuskar da ban taɓa gani ba, in koma kan lemuna. Ko sau ɗaya ban tambaya ba, kuma ba don ban iya tambaya ba, ke shaida ce kan yadda nake titsiye babanki a kan canjin cefane. Asusunki sunanki ne, Ummi, da hotonki da yatsanki a jiki. Duk abin da ya bi ta cikinsa ke za a tambaya, ba wanda ya ce ki riƙe masa ba. Kada ki ara wa kowa, ko ni ce na roƙe ki.

Daga baya ya damƙa mini ɗaya daga cikin motocin kayan. Takardu da sunansa suke, amma ni ke sallamar direba, ni ke kula da gyara, in kai masa abin da ta samo. Kin tuna ta, shuɗiyar nan da kike hawa gabanta kina danna hon direba yana korarki.

Kina jami'a abin ya faru. Da hantsi ne, ana sauke kaya, sai maƙwabciyata Madam Rifkatu mai ayaba, 'yar Pankshin ɗin nan, ta jawo ni bayan rumfa tana waige-waige. Ta ce, "Maman Ummi, zo ka ji. Yaro na ya gani a waya, gwamnati ya sa sunan oga naka cikin masu ba 'yan ta'adda kuɗi. An ce duk wanda yana riƙe da kaya nashi kada ya taɓa, ya je ya yi rifot. Abeg, wannan mota, ka faka shi."

Na fizge hannuna na ce, "Madam, ki kula da ayabarki tana nuna."

Haka na ce mata. Na ɗauka baƙin ciki ne, na kuma ce a raina ita ba ta san mene ne amana ba. Sannan na lallashi kaina da cewa wannan maganar banki ce da manyan masu kuɗi, me ya haɗa gwamnati da mai lemu a Zuba? Na yi kunnen uwar shegu, mota ta ci gaba da zuwa Binuwai. Ummi, in magana ta zo miki mai ɗaci, ki duba maganar kafin ki dubi bakin da ta fito. Matar da na wulaƙanta ita kaɗai ce a duk kasuwar ta damu ta ja ni gefe, sauran sun ji sun yi shiru suna jiran su ga yadda za ta ƙare.

Ba a daɗe ba aka tafi da Alhaji, sai ga wayar Hajiya. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce, "Rakiya, an rufe mana komai. Jiya na je cirar na cefane, mai POS ya miƙo mini katin ya ce ba ya aiki, a gaban mutane. An koro yara daga makaranta." Tana kuka ina kuka. Sai ta ce, "Motar da ke hannunki amana ce, ko ba haka ba? To mai amana ya aiko a ba shi abinsa. Ki sayar da ita da wuri kafin su farga, ki tura wa ƙanin Alhaji kuɗin, shi ba a taɓa nasa ba."

Da babanki ya dawo daga aiki na faɗa masa. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, kin san halinsa, sannan ya ce, "Da mun tambayi wanda ya san doka tukuna." Na haye shi da faɗa. Na ce ko ya manta wadda ta dafa mini ruwan jego lokacin da shi yana can yana ɗaure kwalaye a Idu? Na ce tun muna makarantar allo aka koya mana mai cin amana ba ya gamawa lafiya. Washegari na kira dillali, aka yi ciniki a gurguje, na tura kuɗin inda aka ce. Na kwanta ranar ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga Makka.

Sai da na zo sallamar manoman da suka kawo mini lemu na ga tiransifa ta ƙi tafiya. Na gwada, na sake gwadawa, na ce ko matsalar sabis ce. Na hau mota na tafi banki. Wadda na tarar a kan kanta yarinya ce kamar ke, da ɗan mayafinta da gilashi. Ta karɓi katina tana murmushi, ta dubi kwamfuta, sai na ga murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Mama, ki ɗan zauna, zan kira ogana." Na ce, "'Yata, mene ne? Faɗa mini don Allah, ni ma ina da kamarki." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri Mama, ba ni da ikon faɗa." Na roƙe ta da girman iyayenta, na rage murya na ce ko kaɗan ta fitar mini in sallami mutane, ba wanda zai sani. Ta ce ba za ta iya ba. Ranar ba irin zagin da ban yi wa yarinyar nan a zuciyata ba, na ce an ba ta kujera ta manta tarbiyya. Yau ga shi tawa 'yar za ta zauna a irin kujerar, kuma addu'ata dare da rana ita ce ki zama kamar yarinyar nan. Da ta ji tausayina ta taɓa asusun, ko ta raɗa mini abin da ta gani, da tare za a kwashe mu.

Tsakar rana jami'an tsaro suka zo kasuwa, cikin kayan gida, maza biyu da mace ɗaya. Ba tsawa, ba duka. Ɗayan ya ce, "Ke ce Rakiya? Madam, za ki bi mu ofis, akwai 'yan tambayoyi." Na tashi, na bi ta tsakiyar layin masu abarba, mutanen da muka shekara muna cin abinci a kwano ɗaya kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Ɗakin da aka zaunar da ni akwai sanyin na'ura, amma gumi nake yi har zanina ya jiƙe. Suka shimfiɗa takardun asusuna a kan tebur, jami'in yana ɗora yatsa a kan suna yana cewa, "Wane ne wannan?" In ce ban sani ba. "Wannan fa?" Ban sani ba. "Wa kika ba?" Wani mai jar hula, ban san sunansa ba. Har na gaji da jin muryata. Ya cire gilashinsa ya ce, "Madam, duk wanda muka kawo nan haka yake cewa." A nan na gane gaskiyata da ƙaryar wani kamarsu ɗaya a wannan ɗaki, kuma ba ni da abin da zan raba su da shi. Sai ya zo kan maganar mota, ya tambaye ni ko na ji an sa sunan Alhaji kafin in sayar. Bakina ya buɗe zai ce a'a, sai na tuna rabin kasuwa sun san na ji. Na ce na ji. Ina ganin wannan kalmar ce ta cece ni, domin daga baya na fahimci sun riga sun sani. In Allah ya jarrabe ki da irin wannan zama, kada ki yi ƙarya ko ta ƙwayar zarra, kuma kada ki sa hannu a takarda sai lauya ya karanta.

Kwanakin da aka ce miki ina kwance a asibiti a Gwagwalada hawan jini ya tashi, kada ki zo ki bar jarrabawa, to ba asibiti nake ba. Ni na sa babanki ya faɗa miki haka. Na ce ina kare ki ne, amma kunya ce kawai. Da na faɗa miki tun lokacin, da yanzu ba na zaune ina cika takarda.

Madam Rifkatu ce ta samo mana lauya, wani ɗan cocinsu. Ita ce kuma ta sayar da abin da ya sayu a rumfata, sauran lemun ya ruɓe aka kwashe a baro. Da lauyan ya zauna da ni ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce dokar ba ta banki kaɗai ba ce, ta hau kan kowa. In aka sa sunan mutum, duk wanda ke riƙe da wani abu nasa, kuɗi ne, mota ce, gida ne, kaya ne a sito, dole ya tsayar da shi yadda yake, kada ya sayar, kada ya miƙa masa ko wani a madadinsa, kada ya tsaya yi masa gargaɗi, ya kai rahoto nan take. Ya ce tsayarwa ba ƙwacewa ba ce, abin yana nan da sunan mai shi har a gama bincike, kuma wanda yake ganin an sa shi bisa kuskure akwai hanyar da zai nemi a cire shi. Sannan ya ce iyali suna iya rubutawa su nemi a sakar musu na abinci da haya da magani da makarantar yara, ana dubawa. Ya dube ni ya ce, "Madam, da kin faka motar kin kai rahoto, da yanzu tana nan tana jiran mai ita."

Na yi kuka ranar fiye da ranar da aka kama ni. Ni da na yi komai don kada in ci amana, ni ce na salwantar da ita. An karɓe motar daga hannun wanda ya saya, ya zo ya tsaya mana a ƙofar gida, sai da muka sayar da filinmu na Uke, wanda babanki ya ce na ginin tsufanmu ne, muka sallame shi. Bai taɓa goranta mini ba, kuma shirun nasa ya fi mini zafi. Kuɗin da na tura wa ƙanin Alhaji kuwa, abin da ya isa hannun Hajiya bai taka kara ya karya ba. An daɗe kafin a buɗe asusuna, ina zarya ofis ina sa hannu, kuma har yau in na ga baƙuwar mota ta tsaya a bakin layinmu sai in leƙa in ga ko su ne suka dawo.

Za ki tambaye ni ko Alhaji ya aikata. Ban sani ba, Ummi. Maganarsa tana kotu har yanzu. Mutumin da na sani mai ciyar da marayu ne, amma kuma na ga sunayen da suka bi ta asusuna, na ga fuskar jami'in lokacin da yake karanta su. Wani lokaci ina tsakar awon lemu sai in tuna garuruwan da aka ƙona da mutanen da aka sace a hanya, in ce ko akwai abin da ya bi ta hannuna ya isa can? Sai abinci ya fita raina. Ba aikinki ba ne ki yanke masa hukunci, ba kuma aikinki ba ne ki wanke shi.

Hajiya ba muguwa ba ce, kada ki ɗauke ta haka. Mace ce da ta saba bayarwa, yau ta koma gidan yayanta a Kano tana jiran a ba ta. Shi ya sa nake tsoronta fiye da ɓarawo, domin ɓarawo kin san za ki ce masa a'a. Kuma ba babban abu za ta roƙa ba. Za ta ce, "Takwara, ɗan duba mini a kwamfutarku ko an buɗe." Ko ta ce wani zai aiko wa Alhaji da taimako, ki karɓa a asusunki ki kawo. Ko ta ce ki buɗe mata sabo da sunan wata. Za ta faɗa ne bayan kin ci tuwonta, tana riƙe da hannunki, tana ba ki labarin ranar da aka haife ki. Ko dubawar nan kaɗai, ai kin fi ni sani, kwamfuta tana rubuta wanda ya duba.

Ga abin da nake so ki yi, ko da zai yi miki nauyi. A makonki na farko ki nemi ogan da ke kula da irin waɗannan dokoki a bankinku, ki faɗa masa da bakinki cewa kina da alaƙa da iyalin wani da aka sa sunansa, kuma an taɓa rufe asusun mahaifiyarki a kan haka. Kada ki ji kunyata, ni na jawo. Gara su ji daga gare ki da su tono da kansu. Ki je ki gaishe da Hajiya, ki durƙusa har ƙasa, ba na son a ce na haifi mara mutunci. Amma kada ki karɓi ambulan, kada ki karɓi lambar asusu, kada ki yi alkawarin za ki duba. Ko alheri za ki yi mata daga albashinki, ki fara tambayar ogan nan yadda ya halatta. In ta matsa, ki ce, "Hajiya, in na taɓa wannan abu kama ni za a yi, ke ma a ƙara miki wata damuwar. Amma akwai hanyar neman na abinci da makaranta, lauya ne ke rubutawa." Na rubuta miki lambar lauyanmu a bayan takardar nan, ya ce zai haɗa ta da wani a Kano. Za ta yi fushi. Za ta iya cewa an yi haihuwar banza, ta kira ni ta zazzage mini. Ki bar ni da wannan, ni ya kamata in ji shi.

Na so in rufe a nan, amma in na ɓoye miki saura na sake maimaita abin da na yi. Jiya da la'asar ina rumfa wayata ta yi ƙara, na ga sunan Hajiya. Mun daɗe ba mu yi magana ba. Ta ce ta ji labari, ta yi ta sa miki albarka, har muryarta ta koma irin ta da. Sai ta ce, "Ashe takwarata banki za ta yi aiki, kuma a garinmu. Allah mai yadda ya so. Rakiya, turo mini lambarta, akwai 'yar maganar da za mu yi."

Shekarun nan duka ina shirya amsar da zan ba ta. Na shirya ta a mota, na shirya ta a kan sallaya, na san kowace kalma. Madam Rifkatu tana gefe tana jin mu, tana girgiza mini kai tana kaɗa hannu. Na buɗe baki, Ummi, na karanta mata lambarki tun daga farko har ƙarshe, ta maimaita, na ce haka ne.

Ki yafe mini. Tana da lambarki, kuma ta san yau za ki sauka.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki ci halalinki cikin kwanciyar hankali, ya raba ki da ɗakin da aka zaunar da ni. Allah ya kawo wa Hajiya mafita ta hanyar da ba za ta bi ta kanki ba. In wayarki ta yi ƙara kika ga baƙuwar lamba, ki yi bismilla kafin ki ɗauka, Allah ya ba ki ƙarfin faɗin abin da uwarki ta kasa faɗa. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rakiya